Babi na Biyar: Karatun Koyarwa Haɗe da Turanci a Jami'a

"An ba ni Turanci, amma a tsangayar ilimi. In karɓa, ko in jira baɗi?"

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, wannan tambaya takan shiga gidaje da yawa. Yaro ya nemi karatun lauya ko na aikin jarida, makinsa na JAMB bai kai ba, sai aka tura shi kwas ɗin da ko a mafarki bai taɓa zaɓa ba. Mahaifinsa ya dube shi ya ce, "Wato in ka gama, malamin makaranta za ka zama ke nan?" Yayansa da ya riga shi shiga jami'a ya ce ai taura biyu ba ta taunuwa, za ka fito kai ba gwanin Turanci ba, kai ba gwanin ilimi ba. In kuwa yarinya ce, sai wata gwaggo ta ce ta karɓa da hannu biyu, domin babu aikin da ya dace da matar aure kamar koyarwa, ana tashi da azahar ta dawo gida.

Dukansu suna magana ne a kan abin da zai biyo bayan karatun. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya faɗa wa yaron abin da ke cikin karatun kansa, da irin mutumin da ake so ya zama bayan shekara huɗu. To, a nan za mu tsaya.

Yadda kwas ɗin yake

A takarda, sunan digirin B.A. (Ed.) English. Wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB zai yi shekara huɗu. Wanda ya zo da takardar NCE yakan fara daga aji biyu, ya yi uku. Yawancin jami'o'i suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma suna so adabin ya kasance cikin darussan da aka rubuta a JAMB. Wannan sharaɗi yana kayar da yara da yawa a Arewa, saboda akwai makarantun sakandare da ba su da malamin adabin Turanci ko ɗaya. Duk mai sha'awa ya duba littafin ƙa'idojin JAMB tun yana aji huɗu na sakandare, kada sai ranar cike fom ya gane ya makara.

Ɗalibin wannan kwas yana da gida biyu. Rajistarsa da sakamakonsa suna tsangayar ilimi, amma kaso mafi tsoka na darussansa a sashen Turanci yake ɗaukarsu, kafaɗa da kafaɗa da masu karanta Turanci zalla. Malami ɗaya, jarrabawa ɗaya. Haka tsarin yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri. Wahalar gida biyu kuwa sananniya ce: lakcar nan ta ci karo da lakcar can, a sa jarrabawa biyu a rana guda, ɗalibi ya yi ta sassarfa tsakanin gine-gine da littattafai a hammata.

Tsohuwar hanya ce

Masu raina wannan karatu sun manta cewa da shi aka fara gina boko mai zurfi a ƙasar Hausa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, makarantar horar da malamai ce, kuma ta yi suna wajen koyar da Turanci mai tsabta. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, ya koma Bauchi ya koyar a makarantar Midil, daga baya ya tafi cibiyar nazarin ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Abubakar Imam ma ɗan wannan kwaleji ne, ya kuma riƙe alli a Midil ta Katsina. Da aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933, waɗannan malaman makaranta biyu ne suka kawo Shaihu Umar da Ruwan Bagaja. Ka lura da wannan da kyau, domin za mu koma kansa: mutanen da aka fi horarwa a Turanci da koyarwa su ne suka aza harsashin rubutun zube na Hausa.

Haɗa darasi da dabarun koyarwa a cikin digiri guda kuwa ya zo ne bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya nuna cewa ƙasar da ke shirin karɓar mulkin kai ba ta da isassun malaman sakandare. Jami'ar Nsukka ce ta fara wannan tsari a farkon shekarun 1960, sauran suka bi sahu.

Direba da makanike

Ga tambayar da ke zuciyar mutane da yawa: wanda ya riga ya iya Turanci, me kuma za a koya masa har shekara huɗu?

Mai jin Turanci kamar direba yake. Yana tuƙi lafiya, yana kai fasinja inda za su. Malamin Turanci kuwa makanike ake so ya zama, wanda in an kawo masa mota tana wani ƙara, zai kasa kunne ya ce ga inda matsalar take, ya kuma san da wace sifana zai kwance wurin. Yaro zai zo maka da Turancinsa yana ƙara. In iyakar abin da za ka iya faɗa shi ne "ba haka ake faɗa ba", to ba ka taimake shi da komai ba, domin gobe ma haka zai faɗa.

Mu fara da furuci. Turancin da ake koyarwa a makarantunmu yana da haruffa 26, amma sautukansa kimanin 44 ne: baƙaƙe 24, wasula 20. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su "ai" da "au". Saboda haka in Bahaushe ya ji "cat" da "cut", kunnensa yakan zuba su a kwando ɗaya, na wasalin "a". Ba taurin kai ba ne. Kunnen da ya tashi da wasula biyar sai an horar da shi kafin ya rarrabe ashirin.

Sai kuma mashahurin rikicin "p" da "f", wanda ake yi mana dariya a kansa a Kudu. Dalilinsa mai sauƙi ne. A Hausa waɗannan biyun sauti ɗaya ne, kuma da leɓɓa biyu muke furta shi, shi ya sa ko ka ce fanka ko ka ce panka, kowa ya gane abin da kake nufi. A Turanci kuwa "fan" daban, "pan" daban. Malamin da ya san wannan ba zai tsaya yana tsawa ba. Zai ce wa yara su ɗora haƙoransu na sama a kan leɓen ƙasa su hura iska a hankali, ga "f" ke nan. Sannan su rufe leɓɓa gam, su riƙe 'yar takarda a gaban baki, su saki iskar lokaci guda har takardar ta motsa, ga "p". Aji ya kaure da dariya, takardu suna ta kaɗawa, amma cikin minti goma yaron da ya shekara shida yana cakuɗa su ya ji bambancin a bakinsa. Haka ake bi da sautin farko na "think", wanda mu mukan mayar da shi "s", da kuma "v" da ke komawa "b". Haka kuma ake bi da cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muka cusa wasali muka ce burodi, kuma wannan ɗabi'a tana bin yaro har cikin Turancinsa.

Ba kullum Hausa ke kawo cikas ba, wani lokaci ita ce ke share hanya. Bahaushe ya san garin Kano ba garin masara ba ne, tsawon wasali ne ya raba su. Don haka bambancin "ship" da "sheep", wanda ke wahalar da masu wasu harsuna, shi a wurinsa abu ne na gida, in dai an nuna masa. Haka kuma ya saba da "shi" da "ita" tun yana goye, don haka raba "he" da "she" ba ya ba shi wuya. Malamin da ya san inda ɗalibansa ke da ƙarfi ba zai ɓata mako guda a kan abin da suka zo da shi daga gida ba.

A nahawu ma haka. Duba waɗannan: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Lokacin aikin yana rataye ne a jikin wakilin suna, aikatau kuwa kusan yana nan yadda yake. Turanci aikatau ɗin kansa yake sauyawa. Saboda haka in ka buɗe littafin yarinya 'yar aji biyu ka ga "Yesterday I go to market", ka sani ta yi tunani daidai da ƙa'idar harshenta: ta riga ta ce jiya, me kuma za a taɓa a jikin aikatau? In wani ya ce maka "borrow me your biro", daga "ara mini" ya ɗauko, domin kalma ɗaya muke amfani da ita ga mai bayarwa da mai karɓa. Waɗannan kurakurai suna da tsari, kuma duk abin da ke da tsari ana iya koyar da maganinsa. Masana sun yi aiki a kai a nan gida. Farfesa Munzali Jibril ya nazarci yadda furucin Turanci ya bambanta tsakanin sassan Nijeriya, David Jowitt kuma, wanda ya daɗe yana koyarwa a Kano da Jos, ya fitar da littafi a 1991 a kan yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa Turanci. Ɗalibin wannan kwas da ya gama bai buɗe irin waɗannan ayyuka ba ya yi asara.

Me ya kawo adabi?

Wasu sukan ce, tunda Turanci ake so yara su iya, a bar su da nahawu mana, me za a yi da ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo? Amsar ita ce ba a taɓa ganin wanda ya ƙware a harshe ta hanyar haddar ƙa'idoji kaɗai ba. Kalmomi da salon jimla a cikin karatu mai yawa ake tsintarsu, kuma ba abin da ke sa yaro ya karanta shafi ɗari biyu da son ransa sai labari mai daɗi.

A jami'a za a bi da kai ta kan adabin Ingila, daga Shakespeare zuwa marubutan ƙarni na 19 da na 20, da ɗan abin da ya samu na Amurka da tsibiran Karebiyan. Za a zauna sosai a kan adabin Afirka: Chinua Achebe da Things Fall Apart na 1958, Wole Soyinka da ya ci kyautar Nobel a 1986, Ngugi wa Thiong'o na Kenya wanda ya bar rubuta ƙagaggun labarai da Turanci ya koma harshensa na Gikuyu. Akwai kuma namu na Arewa: Zaynab Alkali da The Stillborn na 1984, Abubakar Gimba, Helon Habila, da Abubakar Adam Ibrahim wanda littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016. Ina ba da shawarar ɗalibi ya riƙe waɗannan na gida da kyau, ko da ba a sa su a jarrabawa ba. Yarinyar da ta karanta labarin wata yarinya mai irin ƙauyenta da irin tsohonta mai tsanani, takan gane cewa Turanci ma yana iya ɗaukar rayuwarta.

A nan ma ɗan Hausa bai zo hannu rabbana ba. Ɗalibar da ta cinye littattafan Balaraba Ramat Yakubu, ko ta karanta In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ɓoye cikin hijabi, ta san jigo, ta san tauraro, ta san yadda marubuci ke ja wa mai karatu rai. Sunayen abubuwan ne kawai ba ta sani ba. Wanda ya rera ƙasida a Islamiyya ya san waƙa tana da ma'auni, saura a nuna masa cewa rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa take aunawa, ta Turanci kuwa ƙarfin da ake sa wa gaɓa. Wanda zai koyar da Animal Farm yana da Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa, da zai iya ajiyewa kusa da shi.

Akwai wata cuta da ya kamata a faɗa ƙarara. Ɗalibai da yawa suna cin jarrabawar adabi ba tare da sun karanta littafin ba. Su sayi taƙaitaccen bayani a bakin ƙofar makaranta, ko su sauko da shi daga intanet, su haddace sunayen taurari da jigogi, su samu maki. Ga mai karanta wani kwas, wannan kansa ya cuta. Ga wanda zai zama malami, ya cuci duk yaran da za su zauna a gabansa, domin wanda bai ɗanɗani littafi ba ba shi da abin da zai kwaɗaita wa wani.

Darussan da ake yi wa kallon cikon benci

A ɓangaren ilimi akwai tarihin ilimi, da falsafarsa, da nazarin halayyar yara, da tsara manhaja, da gudanar da makaranta, da aunawa da tantancewa. Sau da yawa a babban zaure ake yinsu, ɗaruruwan ɗalibai daga kowane fanni, mai lissafi kusa da mai Larabci, malami yana magana da lasifika. Saboda haka ɗalibai sukan ɗauke su abin haddacewa a zubar. Gaskiya wasu ana iya wucewa da sauri. Amma biyu daga ciki, kada ka yarda su wuce ka.

Na farko shi ne nazarin yadda yaro ke koyo. A nan za ka haɗu da Piaget na Suwizalan da Vygotsky na Rasha. Abin da na biyun ya nuna yana da amfani kullum a aji: akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba ko an taimake shi, akwai kuma na tsakiya, wanda zai iya in an ɗan tallafe shi. A wannan na tsakiyar ake koyarwa. Na biyu shi ne aunawa. Rubuta tambayar jarrabawa mai kyau fasaha ce. Malamin da ya ba yara labari, sannan ya yi tambayoyin da za a iya amsawa ta hanyar kwafo jimla daga ciki, bai auna fahimta ba, ya auna kaifin ido ne. Yaransa za su yi ta cin maki a makaranta, su je WAEC su tarar da taƙaitawa da insha'i su rasa ta cewa.

Ɗinkin da aka bar wa ɗalibi

Yanzu mun iso kan ainihin matsalar, kuma a nan maganar yayan nan mai taura biyu take da ƙanshin gaskiya. Malamin sashen Turanci yana koyar da ginin jimla kamar duk waɗanda ke gabansa masana harshe za su zama. Malamin tsangayar ilimi yana koyar da dabarun koyarwa a dunƙule, kamar koyar da lissafi da koyar da waƙa abu ɗaya ne. Darasin da ya haɗa biyun, wato dabarun koyar da Turanci, yakan zama ɗaya ko biyu a duk shekarun.

A 1986 wani masanin ilimi Ba'amurke, Lee Shulman, ya ja hankalin duniya ga wani ilimi na uku da malami ke buƙata, bayan sanin darasi da sanin dabarun aji. Shi ne sanin yadda za a juya wannan darasi takamaimai ya shiga kan waɗannan yara takamaimai: wane misali ne ke aiki, a ina suka saba ruɗewa, me ya kamata ya zo kafin me. Duk abin da muka faɗa a kan takarda a gaban baki da "ara mini" daga wannan ilimi na uku yake. Shi ne abin da mai wannan digiri zai fi mai Turanci zalla da shi, in ya same shi. In bai same shi ba, to lalle ya fito da rabi da rabi.

Tunda jadawalin jami'a bai cika yin wannan ɗinki ba, ɗalibi ne zai yi wa kansa. Hanyar ba ta da tsada. Ka ware littafi guda. Duk ranar da aka koya maka wani abu a sashen Turanci, ka rubuta a ciki yadda za ka bayyana shi ga ƙaninka ɗan shekara goma sha biyu, da irin kuskuren da kake zaton zai yi, da dalilin kuskuren daga Hausa. In ka samu hutu ka gwada a kansa. Ka roƙi wani malamin sakandare na unguwarku ya ba ka tsofaffin takardun insha'in ɗalibansa, ka zauna ka rarraba kurakuran gida-gida. Lokacin rubuta kundin kammala digiri, ka ga kana da abin bincike na gaske a hannunka, ba sai ka je kwafar na wani ba.

Ranar farko a gaban allo

Kafin a gama, dole kowa ya fita koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP. Wasu jami'o'i sukan raba ta gida biyu, wasu su ba ta zango guda. A nan ake gane na ƙwarai.

A ce ɗaliba ce aka tura wata ƙaramar sakandaren gwamnati. Ta kwana tana rubuta tsarin darasi, manufa da matakai da kayan aiki, komai a jere. Ta shiga aji ta tarar da yara sun fi tamanin, wasu a benci, wasu a ƙasa, littafin karatu bai fi goma ba a ajin duka. Minti arba'in gare ta. Ta karanta musu labarin da kyakkyawan furuci, ta yi bayani da Turancin jami'a, ta juyo ta ce, "Do you understand?" Aji duka ya amsa da murya ɗaya, "Yes, Ma!" Ranta ya yi fari. Sai ta nuna wata yarinya a layin baya ta ce ta faɗi abin da labarin ya ƙunsa. Yarinyar ta miƙe, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta. Ta nuna wani, shi ma shiru. Malamin da ya zo duba ta daga jami'a yana zaune a baya yana rubutu.

Kusan kowane sabon malami sai ya sha wannan. Abin da ke raba su shi ne washegari. Wata za ta ce yaran ne daƙiƙai, ta koma cika allo da rubutu suna kwafa har a kaɗa ƙararrawa. Wata kuwa za ta gane cewa waccan amsa ta taro gaisuwa ce kawai, ladabi ne ga malama. Sai ta daina yin tambayar. Ta zaɓi kalmomi biyar masu wuya ta fara da su, ta zana hoto, ta kwaikwayi aikin da hannu. Ta yanka labarin gunduwa-gunduwa. Ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa da Hausa abin da ya ji, sannan su haɗu su gina jimla ɗaya ta Turanci. Ajin zai yi hayaniya, wataƙila har firinsifal ya leƙo. Amma a ƙarshen mako za ta karɓi jimloli arba'in da yara suka ƙirƙira da kansu, karkatattu amma nasu, kuma daga nan gyara yake farawa.

Hausa a ajin Turanci

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ba ta ƙarewa. Da yawanmu mun yi makarantun da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", a ci shi tara ko a zane shi. An yi haka da kyakkyawar niyya, amma abin da ya fi haifarwa shi ne yara masu shiru, waɗanda suka daina Hausa a aji ba su kuma fara Turanci ba.

Hukuma ma ta yi ta kai da kawowa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. Kafin nan, tun 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi a hannun ƙwararren malami, aka ga Turancinsu bai gaza na sauran ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da harshen uwa a duk shekarun firamare, a ƙarshen 2025 kuma ta janye ta ce a koma Turanci. Ko wace manufa ce ke ci, abu ɗaya bai sauya ba: yaron da ke gabanka da Hausa yake tunani. Ra'ayina shi ne malami ya cika ajinsa da Turanci gwargwadon abin da yara za su ɗauka, ya sa su yi magana da shi kullum ba tare da tsoron bulala ba, ya kuma yi amfani da Hausa da gangan a inda za ta buɗe ƙofa, kamar bayanin ƙa'ida mai sarƙaƙiya ko gwada ko an fahimta. Su Abubakar Imam ba su rasa Turanci don sun riƙe Hausa ba.

To, bayan digiri fa?

Mu koma ga tambayar mahaifin nan. E, aikin farko da wannan digiri ke shirya mutum dominsa koyarwa ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, albashin malami a yawancin jihohi da ƙananan makarantun kuɗi bai taka kara ya karya ba. Wata doka ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, amma tsawon aiki daban, kyan albashi daban. Duk da haka buƙatar tana nan, mai girma. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci, don haka kowace sakandare tana neman wanda zai fitar da yaranta. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta sa ba a wata jarrabawar gwaji. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da ita, amma ba wanda ya musa cewa ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci. Ko a Nijar, inda Faransanci ne harshen boko, ana koyar da Turanci a sakandare, kuma ɗalibai da dama daga can suna tsallakowa jami'o'in Nijeriya saboda shi.

Mai wannan digiri yana da damar yin rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, bayan ya ci jarrabawarta. Abokinsa mai Turanci zalla kuwa, in yana son koyarwa ta zama sana'arsa, sai ya koma ya ƙara difloma ta PGDE. A digiri na biyu ana iya bin ɓangaren ilimi, jami'o'i da yawa kuma suna karɓar mai wannan takarda a Turanci ko adabi, wasu da sharaɗi. A wajen aji akwai gidajen rediyo da jaridu, da kamfanonin ɗab'i, da aikin fassara, da ƙungiyoyin da ke rubuta littattafan koyon karatu na yara, waɗanda ke neman daidai irin mutumin da ya san harshe ya kuma san yaro.

Saboda haka in kana son karatu, kana jin daɗin yi wa wani bayani har ka ga fuskarsa ta washe, karɓi gurbin. In kuwa ka tabbata ba ka jure hayaniyar yara, kuma littafi mai shafi ɗari uku azaba ne a wurinka, gara ka sake shawara tun yanzu.

Mun ambaci masu shigowa da takardar NCE su fara daga aji biyu. Su ne sau da yawa suka fi kowa natsuwa a gaban allo, domin sun riga sun sha ƙurar alli. Wace hanya ce ta fi, a fara da kwalejin ilimi ko a wuce jami'a kai tsaye, nawa kowacce ke ci na kuɗi da shekaru, kuma wa ya kamata ya bi wacce? Wannan ne aikin babi na shida.